Neman littafin gyara da lambobin kaya na tsohuwar a-kori-kura Peugeot 504

Malamin_Funtuwa ya rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan tsofaffin motocin Peugeot, musamman dattawan kanikawa da masu sayar da kayan gyara. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana a-kori-kura ƙirar 504 mai shan fetur, wadda ya saya sabuwa a Kaduna a farkon shekarun 1980, kuma da ita ya yi ta jigilar masara da auduga tsakanin Funtuwa da Dandume da Bakori har ƙarfinsa ya ƙare. Bayan rasuwarsa ta shekara tara a ƙarƙashin rumfa babu mai tayar da ita. Da aka zo rabon gado wasu daga cikin 'yan'uwana suka ce a sayar wa 'yan gwangwan a huta, ni kuwa na roƙa a sa ta cikin kasona, domin a bayanta na fara sanin hanyar kasuwa ina ɗan shekara bakwai.

Bara bayan damina na kai ta wurin wani bakanike a garinmu. Yaro ne mai ƙoƙari da gaskiya, amma a kan motocin Japan ya koyi aiki, kuma bai ɓoye mini ba cewa wannan injin baƙo ne a wurinsa. Ya sauke top-silinda, wato kan injin, ya wanke, ya sa sabon gaskit, motar ta tashi. Ba a yi wata biyu ba ruwa ya gauraya da baƙin mai har ya koma kamar kunu. Aka sake sa wani gaskit, shi ma bai kai ko'ina ba. Da na tambaye shi da wane awo yake ɗaure notunan kan injin, sai ya ce da ƙiyasin hannu yake yi, domin ba shi da inda zai duba. Bayan wannan, sau biyu ina sayo kwantak, ɗan ƙarfen da yake yanke wuta yana haɗawa, yana ƙin zama a cikin distiributa mai raba wuta ga fulogogi, sannan ganye biyu na sifirin baya sun karye, kuma duk wanda aka nuna mini a kasuwa ko dai ya fi tsawo ko ya fi faɗi.

Ɗan littafin da na tarar a akwatin gaba na direba ne kawai, gara ta cinye rabinsa, abin da ya rage kuma bai wuce yadda ake canza taya da duba mai ba. Na nema a intanet, na biya kuɗi sau ɗaya a wani shafi, sai aka turo mini littafin ƙaramar 504 mai ƙofa huɗu, da hotuna baƙi ƙirin waɗanda ba a gane komai a cikinsu. Saboda haka tambayata ita ce: ina ake samun littafin gyara na ainihi wanda ya dace da a-kori-kura, kuma ta yaya mutum zai san lambar kayan da yake nema kafin ya kai kuɗinsa kasuwa? Allah ya saka da alheri.

Tsohon_Bakanike_Kakuri ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ka ci moriyar abin da ya bari. Na yi fiye da shekara talatin ina kwance waɗannan injuna ina ɗaurawa, tun lokacin da kamfanin Peugeot na nan Kakuri a Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, yake cika titunan Arewa da su. Abin da zan fara gaya maka ba zai yi maka daɗi ba, amma shi ne ginshiƙin maganar: kada ka ƙara sayen littafi ko ƙarfe ɗaya sai ka tabbatar da wane inji ne a cikin motarka yau. Ban ce wanda takarda ta ambata ba, na ce wanda yake ciki. Motar da ta yi shekara ashirin ko fiye tana ɗaukar buhuna a hanyar Dandume da wuya a ce injin da ta fito da shi ne har yanzu a jikinta, kuma mutanen wancan zamani ba sa rubuta ranar da suka sauke inji suka ɗora wani.

Injunan fetur na wannan gida iri uku ne, kuma daga waje kamanninsu ɗaya, dukkansu a kishingiɗe suke zuwa gefe guda. Akwai XC7 mai cc 1618, wanda ya gado daga 404, akwai XM7 mai 1796, sannan akwai XN1 mai 1971. Na farko da na biyu faɗin ramin silindarsu ɗaya ne, milimita 84, bambancinsu yana wurin nisan tafiyar fistin, 73 a ƙaramin, 81 a na tsakiya. Babban kuwa faɗinsa milimita 88 ne. Idan lambar da aka buga a jikin bulo ta goge, ko tsatsa ta rufe ta, tunda dai za a sake sauke kan injin, a kai shi wurin masu injin sassaƙar ƙarfe su auna ramin da ma'auninsu. Minti biyar ya isa, kuma daga wannan awo ne za ka san gaskit ɗin da ya dace. Idan aka ɗora gaskit na 84 a kan injin 88, bakinsa zai leƙa cikin wuta, ƙonewarsa kuwa lokaci kawai take jira.

Abu na biyu, wanda nake kyautata zaton shi ne ya kayar da yaronka, shi ne silif. A yawancin injunan da ya saba da su ramin silinda a jikin bulo yake. A wannan injin kuwa kowace silinda bututu ce mai zaman kanta da ake zurawa a cire, ruwan sanyaya inji yana kewaye ta kai tsaye, kuma akwai abin toshe ruwa a gindinta. Kan injin ne yake danne su duka huɗun. Da zarar an ɗage shi, idan wani ya juya karanshaf ko da rabin zagaye ne, ko aka tura motar tana cikin giya, fistin zai ɗago silif, ƙasa da tsatsa su shiga ƙarƙashinsa, kuma daga nan ruwa ya sami hanyar gangarawa cikin mai ko da an sa gaskit na zinariya. Shi ya sa muke danne su da ƙarfe da noti tun kafin mu taɓa komai. Haka kuma dole bakin kowane silif ya ɗan ɗara fuskar bulo da wani ƙayyadadden awo wanda bai kai kaurin takarda biyu ba, kuma huɗun su zo kusan daidai da juna. Ido ba ya ganin wannan, yatsa ba ya jin sa. Nan ne littafi yake da rana, domin shi ne zai ba ka awon, ya ba ka jerin yadda ake bin notunan kan injin daga tsakiya zuwa gefe, da ƙarfin da ake ɗaure kowanne da sifanar awo.

Akwai kuma wani tarko da yake kama baƙin hannu. Mutanen Peugeot daga wajen kulochi suke fara ƙirga silinda, wato ta ɗaya ita ce ta kusa da direba, ba ta kusa da lagireto ba. Jerin wutar 1-3-4-2 ne. Tazarar bawul idan inji ya huce sarai, abin da muka yi ta aiki da shi shi ne 0.10 na milimita a na shigar mai, 0.25 a na fitar hayaƙi.

Game da littafi, wanda ya fi yawa a hannun mutanenmu shi ne na kamfanin Haynes na Ingila, kuma akwai na fetur dabam, na dizal dabam. Yana da amfani ƙwarai a kan inji da giyabos da kafireta da birkin gaba, kuma an rubuta shi yadda mai matsakaicin Turanci zai bi. Sai dai ka riƙe abu biyu. Na farko, a kan ƙaramar motar da wagon aka gina shi, domin ita 504 ta fito a 1968, a-kori-kurar kuwa sai bayan fiye da shekara goma ta biyo baya. Na biyu, hotunansa na motocin Ingila ne masu sitiyari a dama, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, sitiyarinmu yana hagu, don haka wasu abubuwan za ka gan su a juye. A taƙaice, daga hancin motar zuwa bayan kujerar direba littafin zai raka ka, daga nan zuwa baya kuwa ba ruwansa da kai. Littafin da ka riga ka biya, idan rubutunsa yana karantuwa, bai zama asara ba.

Ka kuma bincika wurin tsofaffin da suka yi aiki a garejin dillalai a Kaduna da Zariya da Jos. Da yawanmu mun ajiye manyan littattafan kamfani masu zoben ƙarfe, waɗanda ake ƙara musu shafi duk lokacin da aka canza wani abu a ƙira. Nawa ruwan sama ya lalata shi shekarun baya, abin da har yau yake yi mini ciwo, amma ban yarda cewa duka sun ƙare ba.

Ɗan_Maraɗi ya rubuta:

Sallama gare ku baki ɗaya, tare da gaisuwa ga Baba na Kakuri, wanda bai bar mana abin cewa a kan inji ba. Ni abin da zan ƙara ya shafi harshe. Malam, kana nema da Turancin Ingila, alhali motar da Faransanci aka haife ta, kuma mafi yawan abin da aka rubuta a kanta da Faransanci yake. Mu a nan Nijar sunan da muka san ta da shi shi ne bâchée, saboda tamfol ɗin da ake rufe bayanta da shi, kuma idan ka haɗa wannan kalma ko pick-up da 504 a wurin bincike za ka ga abubuwan da ba ka taɓa gani ba.

Takardu iri uku ne, kuma bai kamata a gauraya su ba. Akwai manuel d'atelier, wato littafin gareji na kamfanin kansa, wanda Baba ya ambata. Akwai Revue Technique Automobile, wadda kanikawanmu suke kira RTA, mujalla ce da kamfanin ETAI yake bugawa a Faransa, kowace fitowa a kan mota guda, cike da awo da zanen wayoyin lantarki. An buga ta a kan 504 fiye da sau ɗaya, saboda haka kafin ka biya ka sa mai sayarwa ya ɗauko maka hoton bango da shafin farko, inda ake jera injuna da nau'o'in motar da fitowar ta ƙunsa. Na ukun, wanda a ganina shi ne ainihin amsar tambayarka ta biyu, shi ne catalogue de pièces de rechange, kundin kayan gyara. Wannan ba ya koya maka gyara ko kaɗan. Zane ne na kowane sashe a warwatse, kowane noti da washa da roba da lambarsa, kuma a gefe ana rubuta daga wace lambar mota zuwa wace aka yi amfani da wannan kaya. Saboda wannan ne lambar da ke kan farantin da aka manna a ɗakin inji take da muhimmanci, ka goge ta ka rubuta ta a inda ba za ta ɓace ba.

Lambar kaya ta tsofaffin Peugeot irin taka tana da tsari mai sauƙi: lambobi huɗu, sai ɗigo, sai lamba ko harafi biyu. Huɗun farko suna nuna dangin kayan, biyun ƙarshe suna nuna wanne ne a cikin dangin. Matatar baƙin mai tana farawa da 1109, famfon ruwa da 1201, gaskit na kan inji da 0209. Idan mai shago ya miƙo maka kwali ya ce ai lambar farko ta yi daidai, ka sani bai gaya maka komai ba tukuna, domin gardamar duk tana cikin biyun ƙarshe.

Ba sai ka iya Faransanci ba kafin ka amfana, kalmomi kaɗan sun wadatar. Culasse shi ne kan inji, joint de culasse gaskit ɗinsa, chemise shi ne silif, allumeur distiributa, pont arrière aksul na baya, lames ganyen sifirin, couple de serrage kuwa ƙarfin ɗaure noti. A kan wannan na ƙarshe ina jan kunnenka sosai. Littattafan Faransa da m.kg ko m.daN suke rubuta awon, kuma waɗannan biyu kusan ɗaya suke, kowanne wajen Nm 10 ne. Na Ingila kuwa sukan kawo lbf ft, inda m.kg ɗaya ya haura lbf ft 7 kaɗan. Wanda ya karanta lamba a wannan ma'auni ya ɗaure da wancan, ko dai ya bar noti sakwa-sakwa ko ya tsinke shi a cikin bulo. A duba abin da aka rubuta a jikin sifanar kafin a fara.

Wuraren nema kuwa, ƙungiyoyin masu riƙe da tsofaffin Peugeot a Faransa da Ostareliya sun ɗora takardu da yawa a shafukansu, kuma galibi rajista kawai suke buƙata, ba kuɗi ba. A Ajantina an ci gaba da ƙera 504 har 1999, ciki har da a-kori-kura, don haka akwai abubuwa da Sifaniyanci, amma ƙirarsu ta sha bamban da tamu a wurare da dama, ka ɗauki zanensu don fahimta, kada ka ɗauki lambarsu ka tafi kasuwa. A garin Sochaux na Faransa, inda babbar masana'antar take, akwai gidan tarihin Peugeot da aka buɗe a 1988, kuma ƙungiyar da take kula da shi tana sayar da wasu kayan tsofaffin motoci, sai dai da kuɗin Turai da kuɗin aikowa lissafin yakan yi nauyi. Wani maigidana a nan yana da kundin kaya na bâchée, tsoho amma cikakke. Idan ka ba ni lambar farantinka zan roƙe shi a ɗauki hoton shafukan baya.

Mai_Shago_Ƙofar_Ruwa ya rubuta:

Ina yi wa manyana biyu biyayya, amma a bar ni in faɗi yadda abin yake a kasuwa, domin a nan ne kuɗin Malam yake zuba. Lambar kamfani tana da kyau a hannunka, sai dai a cikin shaguna goma da wuya ka sami biyu da za su nemo maka kaya da ita. Mu da samfur muke aiki. Ka kawo tsohon a hannunka, mu ɗora shi a kan sabon, mu duba ramukan noti da tsawo da kauri. Wanda ya zo da baki kawai ya ce a ba shi kwantak na Fijo, abin da ya fi kusa da hannu za a miƙa masa, kuma ba lallai da mugunta ba.

Dalilin da kwantak ɗinka ya ƙi zama shi ne Peugeot ba ita take ƙera distiributa ba, saye take yi daga wasu kamfanoni. A injin iri ɗaya za ka tarar da ta Ducellier, ko ta Paris-Rhône, ko ta Bosch, kuma kwantak da murfi da rota na ɗaya ba sa shiga ɗaya. Ka wanke jikinta da fetur, za ka ga sunan maƙerin da lamba a buge. Haka kafireta, wadda yawanci Solex ce, akwai nau'inta a rubuce a jiki, wani lokaci da ɗan ƙaramin faranti a maƙale da noti, kuma da shi ake sayen kayan cikinta. Birkin gaba ma haka, akwai na Girling, akwai na Bendix, takalmansu ba ɗaya ba ne. Waɗannan sunaye sun fi yi maka amfani a wurinmu fiye da lambar Peugeot. Kada kuma ka yi mamaki idan ka nemi kayan Ducellier ko Paris-Rhône aka kawo maka kwalin Valeo, domin tuntuni suka koma ƙarƙashinta.

A kan abin da yake shiga daga wasu motoci, kayan cikin inji da na giyabos na ƙaramar 504 da wagon da 505 mai irin injinka suna taimakawa sosai, shi ya sa har yau ba a rasa su a nan Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna. Injin fetur na J5 ɗan gida ɗaya ne da naka, amma shi an tsara shi ya kwanta a gicciye, don haka kada wani ya ce maka ɗauka kawai za a yi a ɗora. Daga baya ne ake rabuwa gaba ɗaya. Tsakanin tayar gaba da ta baya mita 2.74 ne a ƙaramar, 2.90 a wagon, 3 a a-kori-kura, saboda haka farfela, wato sandar da take kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, da bututun salansa da wayar birkin hannu duk tsawonsu dabam. Ƙaramar da wagon a kan sifirin mai murɗi suke zaune, taka kuwa a kan ganye. Ganyen da ake nuna maka wataƙila na 404 ne ko na motocin Japan. Ka kwance ɗaurin gaba ɗaya daga gefen da bai karye ba, ka auna faɗi da kauri da tsawo daga ramin tsakiya zuwa kowane baki, ka ƙirga ganyen, sannan ka zo da shi. Idan ba a sami na ainihi ba, masu aikin sifirin suna yanka wani su lanƙwasa shi daidai, amma a canza gefe biyun tare don kada motar ta karkace.

Gaskit kuwa jabunsa ya fi na kirki yawa a yanzu, kwalin ma har ya fi na ainihi kyau. Ka duba zoben ƙarfen da ya kewaye kowane rami, idan siriri ne yana motsi da farce, ka ajiye shi ko nawa aka rage maka.

Direban_Gusau ya rubuta:

Malam, ni shawarata ita ce ka sauke wannan injin ka ɗora na Toyota, kamar yadda mutane da yawa suka yi a wajenmu. Kayansa suna ko'ina, kowane yaro ya iya gyaransa, kuma ka huta da neman littafin Faransanci.

Tsohon_Bakanike_Kakuri ya rubuta:

Ɗan'uwa na Gusau bai faɗi ƙarya ba, ana yi, kuma wanda motarsa ita ce abincinsa na yau da gobe ba zan zarge shi ba. Amma a sani cewa aikin ba ya tsayawa a inji, sai an taɓa giyabos da mazaunin inji da farfela da wayoyi, kuma motar da za ta fito daga wannan aiki babu littafin da ya san ta a duniya, sai ƙwaƙwalwar wanda ya haɗa ta. Injin da ke hannun Malam kuwa an yi shi ne don a sabunta shi: a zare silif da fistin a zura sababbi, bulo yana nan yadda yake. Ni dai ba zan yanke masa hukunci ba tun ba a auna shi ba.

Malamin_Funtuwa ya rubuta:

Ina godiya ga kowa, kuma na dawo da bayanin abin da muka gano. Ranar Asabar muka sauke kan injin, wannan karon da ƙarfe muka danne silif kamar yadda Baba ya ce, muka kira mai awo daga Zariya. Ramin ya ba da milimita 88. Takardun motar kuwa 1796 suka ce, kuma da wannan takarda na je na sayo gaskit na farko. Da na tambayi kawuna, wanda ya yi wa mahaifinmu yaron mota, sai ya yi dariya ya ce ai tun zamanin Abacha aka ɗora mata injin wata wagon da ta yi hatsari a hanyar Gusau, shi ma da hannunsa aka sauke tsohon. Gaskit na biyu ya dace da injin, amma mai awon ya nuna mana cewa silif na kusa da lagireto, wanda yanzu na san shi ne na huɗu, ya nutse ƙasa da sauran, kuma bakaniken ya tuna cewa sun juya injin da hannu a wancan karon domin su goge kan fistin. Ya karɓi maganar da kyakkyawar zuciya, har ya nemi in buga masa shafukan da suka shafi injin ya ajiye a garejinsa.

Distiributar ta Ducellier ce, kafiretar Solex, kuma na rubuta lambobinsu tare da ta faranti a bayan littafin direban da gara ta rage. Littafin da na biya a intanet na sake buɗe shi a kwamfutar makaranta, sai na ga teburin awonsa yana karantuwa sarai, hotunan ne kawai suka lalace, kuma XN1 yana ciki. Mun yanke shawarar zare silif huɗun a sabunta abin toshe ruwan gindinsu gaba ɗaya, kuma na ari sifanar awo daga wani gareji na manyan motoci.

Ɗan'uwa na Maraɗi, na tura maka lambar farantin ta saƙon sirri. Idan maigidanka ya amince, shafukan aksul da sifirin da birkin baya nake buƙata, kuma idan hoton waya ba zai fito da ƙananan lambobin ba, akwai direban da yake bin hanyar Jibiya duk mako wanda zai iya karɓo mini kwafin takarda. Alhaji na Ƙofar Ruwa, ɗaurin sifirin na hagu yana kwance a tsakar gida, zan shigo Kano da shi ranar Laraba in Allah ya yarda, tare da distiributar a cikin buhu.